Yaya Bakur Mai Fayafayai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Bakur ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina kan tsani a wani gida a unguwar Sa'alaba ina kwance esi, na'urar sanyaya ɗaki. Na ga lambarsa, na ɗaga da wasa kamar yadda muka saba, sai na ji muryar matarsa Ummu Hanan. Ta ce jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, aka kai shi asibiti, da asuba rai ya yi halinsa.

Wallahi ban san yadda na sauko daga tsanin nan ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, sunansa Abubakar, amma duk unguwar Karantina Bakur ake ce masa. A nan Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin Hajji, ya biyo ta Sudan, bai koma ba. Shi kuwa direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa. Yana jin Hausa sarai, amma in ya buɗe baki sai Larabci ya riƙa yi masa kutse.

Shekarar da na zo daga Kaduna, ban san kowa ba, kafilina, wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya tura ni gyaran esi a gidan Yaya Bakur. Na ɗauka ɗakin kwana za a kai ni. Sai ya buɗe mini wani ɗan ɗaki babu gado babu kujera, kanta ce tun daga ƙasa har sama, cike da baƙaƙen fayafayan garmaho cikin kwalayensu.

Na ce, "Yallaɓai, wa ke kwana a nan?"

Ya ce, "Ba kowa, ya akhi. Sanyin nasu ne. Ni ina iya haƙuri da zafi, su ba sa iyawa."

Da gaske yake. A ɗakinsa fanka ce kawai.

Ranar ya hana ni tafiya sai da na ci abinci, sannan ya sa mini faifai ɗaya. Ni da na taso da kiɗan biki da na finafinai, sai na ji kamar an zubo tukwane daga saman bene. Ya yi ta dariya. Ya ce sunansa birekbit. Wasu samari ne a Ingila can shekarun baya suke yanko ɗan gutsuren ganga daga tsohon faifai, su ƙara masa gudu, su yi ta maimaita shi, su yanko muryar wani daga wani wurin su ɗora. Abin da aka yanko shi ake kira samful. Wasu fayafayan kaɗan aka buga, in sun ƙare sun ƙare ke nan.

A wurin ma'aikatan jirgin ruwa ya fara samunsu yana saurayi. Daga baya ya koma bin kasuwar gwanjo, sannan intanet. Faifai ɗaya sai ya yi watanni yana jiran isowarsa, kullum yana addu'ar kada a bar shi a rana.

Mutane sun yi ta magana. Wai babba da shi, da iyali, yana tara kayan kiɗan Turawa. Bai taɓa tanka wa kowa ba. Abin da na sani shi ne, da ladan ya ce Allahu Akbar zai ɗage allura ko da kiɗan ya kai inda ya fi so, ya ce, "Yalla, masallaci."

Lokacin da iƙamata, takardar izinin zamana, ta sami matsala, shi ya ɗauki hutu ya yi ta yawo da ni ofis-ofis yana yi mini tafinta.

Da mahaifina ya rasu a Kaduna ban sami damar zuwa ba, ina zaune a ɗaki ni kaɗai ina kuka, ya zo ya ɗauke ni. Ashe ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ya gaya wa unguwa baban ƙaninsa ya rasu. Mutanen da ba su taɓa ganin mahaifina ba suka yi ta zuwa suna yi mini gaisuwa.

Tun ranar na daina ce masa yallaɓai.

Akwai wani faifai da ya fi shekara goma yana nema. Ya taɓa jin sa a kaset ɗin wani ma'aikacin jirgi, kuma a tsakiyar kiɗan akwai muryar mace tana ɗaga sauti. Ya rantse Hausa take yi, amma an ƙara mata gudu har ba a gane kalma ɗaya. Shi a ransa waƙar kewa ce, ko addu'a. Ranar da faifan ya iso daga ƙarshe, ya kira ni.

"Ta'al yanzu-yanzu. Kunnenka ya fi nawa Hausa."

Na je. Ya sa faifan, ya ɗora yatsa a gefensa yana rage masa gudu har muryar ta koma ta mutum. Muka kasa kunne. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa.

Na ce, "Yaya, ba addu'a ba ce."

"To me take cewa?"

"Talla take. Cewa take, a sayi waina da zafinta."

Ya kalle ni, na kalle shi. Sai ya fashe da dariya har ya zame ƙasa yana riƙe ciki. Wato wani ya naɗi muryar mai waina a wata tasha ko kasuwa a ƙasarmu, ta bi hannu-hannu har Landan, Turawa suna ta rawa a kanta. Da dariyar ta lafa na ga yana share ido da gefen riga. Ya ce kakarsa waina ta yi ta sayarwa a Karantina har ƙarfinta ya ƙare, da ita ta ciyar da su bayan rasuwar kakansu.

Ya ce, "Khalas. Wannan ya fi addu'ar da nake zato."

Sai rusau ya zo Karantina.

Kowa ya san yadda aka watse. Su Yaya Bakur suka sami ɗan gida a unguwar Bani Malik, ɗaki biyu, ga 'yan mata uku. Babu inda fayafayai za su zauna. Ya zaɓi abin da zai shiga ƙarƙashin gado, sauran aka kai wani ɗan sito a saman bene. Na samo tsohon esi zan haɗa masa a can, mai gidan ya ce ba a taɓa masa wayar wuta. Muka roƙa, muka sa a roƙa, ya ƙi.

A rububin kwashe kaya, faifan mai waina ya bi kwalayen da aka kai sama. Bai gane ba sai da zafin bazara ya wuce.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, Juma'ar da ta wuce waccan, ya hau da ni ya nuna mini. Kwali bayan kwali, duk sun lanƙwashe kamar ganda a kan wuta. Abin da mutum ya tara tun yana saurayi.

Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, "Mutane sun rasa unguwa sukutum, ni zan yi kukan roba?"

Amma bai haƙura da na mai waina ba. Ya kai ni kicin ya nuna mini dabarar da ya gani: ya sa faifan tsakanin gilasai biyu, ya ɗora buhun shinkafa a kai. Wai in ya daɗe a haka zai miƙe. Ummu Hanan tana daga ɗaki tana cewa ya hana ta ɗiban shinkafarta.

Da zai raka ni ya ce, "Ƙarshen wata ka zo mu ɗaga tare. In ta yi magana, ni zan sayi waina."

Ƙarshen wata jibi ne.

Ɗazu da na je gidan, Ummu Hanan ta tambaye ni yadda za a yi da na ƙarƙashin gado. Na jawo kwali ɗaya na duba. Yawancinsu farar takarda ce a tsakiya, babu suna, babu hoto, babu komai. Shi kaɗai ya san wanne ne wanne, wa ya yi shi, daga hannun wa ya fito. Da kallon zanen jikin faifai yake gane su. Duk ya tafi da shi.

Buhun yana nan inda ya bar shi. Ta ce in ɗaga, na ce ba yau ba.

Za a yi masa sallah bayan La'asar. Wanda ke kusa da Bani Malik ya daure ya zo.

Ya Allah, ga bawanka Abubakar ya zo maka. Ya sanyaya wa baƙo zuciya ranar da ba shi da kowa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haɗa shi da iyayensa da kakanninsa a Aljanna, Ka riƙa wa Ummu Hanan da yaran nan.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Sunansa Abubakar.