Hannun da ya zuba soda a gasarar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina budurwa mai kaifin baki da ganin na fi kowa wayo, muna haya a wani babban gida a Zango. Ɗaki goma sha biyu ne, madafa ɗaya, famfo ɗaya. Mahaifiyata koko take sayarwa a bakin tashar trotro, ƙananan motocin haya. Da rana take tace gasara ta bar ta a manyan robobi a madafa ta kwanta. Da asuba, kafin ta dama, sai ta ɗebi ruwan saman da ludayi ta kurɓa don ta ji ko tsamin ya yi. Duk mai koko haka take yi, kuma kowa a gidan ya san da wannan.

Ɗakin da ke jikin namu na wata tsohuwa ne da muke kira Kaka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi nisa. Ita ke taya mahaifiyata tata, ita ta yi mini kitso tun ina ƙarama.

Wata safiya mahaifiyata ta kurɓi ruwan gasara ta tofar. Gishiri ne, an zabga shi ba tausayi. Muka ce tsautsayi ne. Ran nan ba ta fita sayarwa ba, ta wuni a ɗakin Kaka tana jimami. Bayan mako biyu sai kananzir. Nan tsoro ya shige mu, domin ƙofar gidan ba baƙon da ke shigowa har madafa. Mai yin abin a cikinmu yake, yana gaishe mu kullum. Na koma kallon hannun kowa. Ko ruwa aka miƙo mini sai na sunsuna.

Na ukun shi ne wanda ba na son tunawa. Ina ɗaura ɗankwali na ji ludayi ya faɗi. Na tarar da mahaifiyata durƙushe, ta riƙe bakinta da hannu biyu, miyau na zuba, ta kasa ko kiran sunana. A asibiti aka ce soda ce irin ta haɗa sabulu, kuma Allah ne ya sa ba ta haɗiye ba. Ina tsaye, abu ɗaya nake ta juyawa a raina: wani a gidanmu ya san bakinta ne zai fara taɓa ruwan nan, kuma bai fasa ba.

A gidan kuwa mutum ɗaya ce ke ajiye soda, wata mata mai haɗa sabulu da ke ɗakin ƙarshe ita da 'yarta. Ba ta da yawan magana, ba ta shiga hirar tsakar gida. Ni da nake ji da basirata, a take na yanke hukunci. Na tsaya a ƙofarta da rana tsaka na tara mata jama'a, na kira ta muguwa, na kira ta abin da ya fi haka, na kifar da tukunyar sabulunta.

"Wallahi ban taɓa ba koraa, ko kaɗan," ta ce. "Soda na a madafa yake, kowa na gani."

Ba wanda ya saurare ta. Mata suka daina amsa gaisuwarta, aka hana yara wasa da 'yarta. Kafin wata ya ƙare ta kwashe kayanta zuwa wata unguwa, Atonsu, ni kuma na riƙa yawo ina hura hanci wai na ceci gida.

Mako uku mahaifiyata tana jinya. Kaka ce ta riƙe ta, tana ba ta kunu da cokali, tana goge mata baki. Ban taɓa ganin tsohuwar nan da walwala irin ta lokacin ba. Har waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

Ana gobe mahaifiyata za ta koma tasha sayar da koko, zazzaɓi ya kwantar da ni. Bayan la'asar gida ya yi tsit, ita ta tafi sayen sukari. Daga inda nake kwance tagarmu na kallon madafa. Sai na ga Kaka ta shiga a hankali, ta buɗe murfin roba, ta ce bisimilla yadda ta saba kafin kowane aiki, ta zaro kwalbar kananzir daga cikin zaninta.

Da ƙyar na ja jiki zuwa ƙofa.

"Kaka, me kike yi?"

Ta juyo. Ba ta firgita ba, ba ta ɓoye kwalbar ba. Ta zauna a kan turmi kamar wadda ta gaji.

"In uwarki ta fita, gidan nan na yi mini girma sosai paa," ta ce. "Tun safe har yamma ba mai ce mini sannu. Ran da koko ya ɓaci kuwa, wurina take wuni."

"To sodar fa?"

"Na ɗauka launi kawai zai canza, ta gani ta zubar." Ta ajiye kwalbar a ƙasa. "Amma da tana jinya na ji daɗi, 'yata. Allah ya yafe mini, na ji daɗi."

Da na faɗa wa mahaifiyata, ba ta tona mata asiri ba. Ta dai koma ajiye gasara a ɗaki da kwaɗo. Da Kaka ta rasu, tana cikin waɗanda suka yi mata wanka. Na tambaye ta yadda ta iya, ta nuna tabon da ke leɓenta ta ce ita ma ba ta sani ba.

Har yau in ana gardamar ko akwai mugayen mutane tun asali, shiru nake yi. Ban sani ba. Kaka tana son mahaifiyata, wannan ba na shakka, kuma ta kusa kashe ta. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don mai fuskar mugunta ko ba komai ka san ka kauce masa.

Amma ba a kan Kaka abin ya tsaya mini ba. Bayan wata biyu na nemi gidan matar nan mai sabulu a Atonsu don in ba ta haƙuri. Duk hanya a cikin trotro ina tsara kalmomi masu daɗi. Na yi sallama, ta buɗe ƙofa kaɗan. Tana ganina ta fizgo 'yarta ta tura ta bayanta, idonta a kan hannuwana. Na san kallon nan sarai. Shi na yi wa Kaka a madafa.