Ɗumin da Ɗan'inna Ya Bari a Motata

Shekara biyu ke nan, wani direba mai suna Mailafiya, mai jigila tsakanin Dutse da Buji, ya tare ni a ƙofar masallacinmu na Takur ya ce, "Baba Lado, ka san ɗumin nan da kuke sha a motarka ba naka ba ne? Daga motar Malam Ɗan'inna aka ciro shi." Na dube shi na yi dariya. Mailafiya ne fa ya taɓa rantse mini cewa ya yi tsere da jimina a hanya har ta ba shi hannu ya wuce. Sai na ajiye wannan magana kusa da ta jiminar. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ba halin Mailafiya kaɗai ya sa na ƙi yarda ba. Ban so maganar ta zama gaskiya ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗan'inna mai gyaran lagireto, a gidansa da ke Dutse, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Malama Adama da 'ya'ya biyar, da tarin tsofaffin motoci waɗanda ba don shi ba da tuni kaji suna ƙwai a cikinsu.

Ɗan'inna, na ɗauki alƙalamin nan da zuciya mai sauƙi, abin da ban zata ba ranar da muka kai ka. Ka yi haƙuri in bi a hankali, ka san ni da labari.

Kai ɗan maƙeran Aujara ne, ni ɗan makiyaya da boko ya mayar malamin dabbobi. Wasan da muka gada tun kakanni shi muka riƙe shekara talatin. Ban taɓa shiga garejinka ban ce "Ina ɓarawon ƙarfe?" ba, kai kuma ba ka taɓa kirana da sunana ba. "Fillo, yau kuma wace saniyar ce ta kwanta?" Saniyar ita ce motata, wadda 'yan unguwa suke kira Gwaggo saboda tsufa da yawan tari da safe. Kai ma kana da irinta sak, shekararsu ɗaya, sai dai taka tana sheƙi, ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kanta.

Na san alherinka tun kafin ya iso kaina. Na ga ka rufe gareji ranar kasuwa ka bi wani mai a-kori-kura har bayan Kiyawa, don lagiretonsa ya fashe da buhunan tumatir a kai cikin rana. Na ga kana hana masu gaggawa buɗe murfin lagireto da zafinsa, kana nuna musu tabon da ke damtsenka kana cewa, "Ni na riga na biya muku kuɗin makarantar." Kuma duk motar da ta bar hannunka sai ka bi ta da ido har ta sha kwana, kamar mai rakiyar baƙo.

Sai ciwon ƙoda ya kama matata Hajiya Indo. Likitoci suka ce wanki sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, a Kano. Muna idar da asuba mu kama hanya, mu dawo da yamma. Wanda bai ga mai wankin ƙoda bayan an sauke shi daga na'ura ba bai san sanyi ba. Ko a watan zafi sai ta nemi mayafi, balle a tsakiyar sanyi. Hitar Gwaggo mai ɗumama cikin mota, wadda na shekara ashirin ban san amfaninta ba, ita ta zama abin da muke taƙama da shi.

Wata safiya na ji ƙafata a jiƙe. Gilashin gaba ya yi ta haɗa gumi daga ciki, ina gogewa da hula yana dawowa, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi. Na kawo maka motar. Ka durƙusa, ka taɓa darduma, ka shinshina yatsanka, ka ce akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye can bayan dashbod, ruwan zafi na inji yana bi ta cikinsa, fanka tana hura iska a kansa, shi ne ɗumin da muke ji. Shi ne ya ɓule.

Kowa a Dutse ya san maganin wannan. A zare tiyo biyun da suke kai masa ruwa, a haɗe su da juna, a ɗaure. Minti goma. Wa yake neman ƙarin zafi a garin da rana take narka kwalta? Na ce ka yi haka nan, jibi muna da Kano.

Ka ce, "Fillo, da kai kaɗai ne, da na ɗaure, sanyi ya kashe ka in gaji shanun. Amma motar nan ta daina zama taka. Ta Hajiya ce. Na gan ta ranar Litinin da kuka tsaya shan mai, bargo biyu, haƙoranta suna haɗuwa."

Ka ce kwana biyu. Da na leƙo washegari sai da gabana ya faɗi. Ka sauke sitiyari, ka cire dashbod gaba ɗaya ka kwantar da shi a tabarma kamar majinyaci. Wayoyi sun zubo, kowace ka ɗaura mata zare mai launi don kada ta ɓata gida. Ƙusoshi suna cikin gwangwanayen madara, jere. Ka nuna mini ɗan lagireton, bai fi allon yara girma ba. Ka toshe bakinsa ɗaya, ka nutsa shi a kwanon ruwa, ka busa da famfon keke, sai kumfa ta ko'ina. Ka liƙe nan da dalma, can ya buɗe. Ka ce, "Shekara ashirin kana ba ta ruwan rijiya kamar saniya, ga shi ya cinye ta."

Ka tafi Kano neman wani, ka dawo hannu biyu. Masu kayan gyara suka ce rabonsu da ganin irinsa tun suna yaran shago.

Alhamis ta zo babu mota. Muka hau ta haya, wadda gilashinta ɗaya ba ya rufuwa. Indo ta dawo da zazzaɓi, jikinta yana rawa har gado yana motsi. Na tsorata, Ɗan'inna. Kuma tsoho idan ya tsorata ba ya cewa ya tsorata, sai ya nemi wanda zai yi wa faɗa. Da safe na zo garejinka, a gaban maƙwabtanka da masu jiran gyara, na ce ka wargaza mini mota don ka tsinci abin sayarwa a cikinta. Na ce maka ɓarawo. Kalmar da na faɗa maka sau dubu ce, amma ran nan babu dariya a bayanta, kuma duk wanda yake wurin ya ji bambancin.

Ka ajiye abin da ke hannunka, ka goge yatsunka ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Lahadi da yamma, in Allah Ya so, Malam Lado."

Malam Lado. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi ɗanka Muhammad ya kawo motar. Ko ƙusa ɗaya ba ta yi kuka ba. Litinin na murɗa hita, kafin mu fita gari ɗumi ya cika motar, Indo ta yaye bargo ɗaya, ta yi barci har Wudil. Ya kamata in juyo daga Kano in zarce wurinka. Na ce sai gobe. Goben nan ta yi shekara biyu. Muna gaisawa a ɗaurin aure da jana'iza, hannu da hannu, kai "Malam Lado", ni "Malam Ɗan'inna", kamar ma'aikata biyu da aka haɗa a taro. Gwaggo kuma ta ƙi lalacewa balle in sami dalilin zuwa. Har alfahari nake yi da ita a majalisa.

Da aka ce ka rasu, abin da ya fara zuwa mini ba kuka ba ne, tsoro ne. Mutum ya tafi da haƙƙinsa a wuyana, kuma ƙofar da zan ƙwanƙwasa ta rufe. Bayan mun dawo daga maƙabarta na ga motarka a gindin darbejiyar ƙofar gida. Na ce wa Muhammad ya buɗe mini bonet. Ga tiyo biyu nan an lanƙwasa an haɗe da juna an ɗaure, irin aikin minti goma da ka ƙi yi mini. Muhammad ya ce a tsakar gida ka wargaza taka, kwana biyu, ƙofa a rufe. Sai na tuna ina ganinka da sanyin safiya a cikinta da ƙatuwar kwat da hular sanyi, har na taɓa cewa a raina tsufa ya kama maƙeri.

Laraba ban iya cin abinci ba.

Alhamis muna da Kano, domin ciwo ba ya zaman makoki. Muka fito bayan asuba, sanyi yana yanka. Indo ta miƙa hannu ta kunna hita kamar kullum. Da ɗumin ya taɓa ƙafata sai na ji ba zan iya ba, na kai hannu zan kashe.

Ta ce, "Malam, bar shi. Ba kai aka ba ba."

Na ce, "Kin san daga inda ya fito?"

Ta ce, "Tun ranar da aka kawo motar."

Sai da na gangara gefen titi na tsaya. Ta ce Adama ce ta zo duba ta ta faɗa mata, da saƙonka cewa kada in ji, don in na ji zan ce sai an cire an mayar, a sake wargaza mota biyu saboda taurin kan mutum ɗaya. Ta ce kuma duk farkon sanyi kana zuwa gidana ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ka san na tafi aski da hirar majalisa, ka karɓi makulli a hannunta, ka duba tiyo, ka zubar da ruwan rijiyata ka zuba na kirki. Ashe lafiyar Gwaggo da nake alfahari da ita ke nan.

Na ce, "Maganar da na faɗa masa fa?"

Ta ce zuwanka na ƙarshe, watan jiya, ta roƙe ka ka yafe mini tunda ni na kasa buɗe baki. Ka yi dariya har da riƙe bonet, ka ce, "Hajiya, ai tsoro ne ya yi magana ran nan, ba shi ba. Na yafe tun bai kai bakin titi ba. Ina ce masa Malam Lado ne kawai in ga kwana nawa Fillo zai iya ɗauka. Wallahi ya ba ni mamaki."

Ɗan'inna, na kifa kaina a sitiyari na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, ina yi ina dariya, har wani mai babur ya tsaya yana tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Rabona da numfashi irin na safiyar nan shekara biyu. Ka ci wannan wasan, maƙeri. Na sallama.

Ya Allah, bawanKa Ɗan'inna ya zo gare Ka. Ya ɗauki sanyi don wata baiwarKa ta ji ɗumi, Ka sanyaya masa makwanci, Ka yalwata shi, Ka haskaka shi. Ya yafe tun ba a roƙe shi ba, Kai ne mafi cancantar yafewa, Ka shafe kurakuransa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Malama Adama, Muhammad da ƙannenka, 'yan'uwa na Aujara da abokan sana'a, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya sa albarka a abin da ya bari. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen, Ya hana mu cewa sai gobe.

Mailafiya, ka yafe ni, har jiminar ma na fara tunanin akwai ta. Kai ka fara faɗa mini ban yarda ba. Muhammad ya nuna mini da idona. Amma wadda ta faɗa mini a ƙarshe, ta cike abin da ku ba ku sani ba, ita ce Hajiya Indo, a gefen hanyar Kano, tana zaune a kujerar gaba ta yaye bargo, ƙafafunta a cikin ɗumin Ɗan'inna.