Rigar da Ta Goge Motocin Alhazai

Har gobe ba zan manta da ranar da na loda buhunan tsofaffin riguna a bayan mota na kai su unguwar Kudai ba. Da aikin gama yana warwaruwa, da shi zan fara warwarewa. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka gaje ni a ɗakin kaya, da duk wanda aka taɓa damƙa wa mabuɗin sito.

Aikina a ƙaramin kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa a nan Makka shi ne kula da kayan 'yan wasa. Ni ke wankewa, in goge, in jera wa kowa rigarsa da takalminsa kafin wasa, in tattara bayan an tashi. A samana akwai koci, a samansa akwai mudir, wato shugaban gudanarwa. Umarni daga sama yake gangarowa, a kaina yake tsayawa.

A shekarar da za mu koma sabon fili, can bayan iyakar Harami, mudir ya kira ni ya ce za a rushe tsohon gidan kulob da ke unguwar Aziziyya a gina masaukin alhazai. Ya ce, "Ya Haruna, kwashe kofuna da sababbin kaya. Sauran tarkacen, yi yadda ka ga dama."

Na kwashe kofuna. A ƙuryar sito na tarar da buhuna cike da riguna irin na da, na auduga mai kauri, ruwan goro da farar wuya, duk warin ajiya. Aikin Hajji ya gabato, na san abokina Idi yana neman tsumma. Idi Badamagare ne, shi ke shugabantar masu wankin manyan motocin alhazai a Kudai, kuma auduga ba ta barin zane a gilashi. Na kai masa duka, har ina jin na yi sadaka.

Ba a jima ba aka kawo mana sabon koci, mutumin Romaniya, dattijo mai furfura. Kabtin muke ce masa. Da yake ba Musulmi ba ne, ba ya shiga cikin Makka. A Jidda yake kwana, ya biyo hanyar da ta kewaye Harami ya zo fili. Ya daɗe yana aiki a ƙasashen Larabawa, yana jin Larabci gutsure-gutsure, da shi muke magana. A makonsa na farko ya shigo ɗakin kaya, abin da ba kowane koci ke yi ba, ya zauna a kan akwatin ƙwallaye.

"Hajji Haruna, tsohon gidanku ba zan iya zuwa ba. Kai ne idona. Kawo mini rigar farko ta wannan kulob in gani."

Na ce, "Kabtin, me za ka yi da tsohuwar riga?"

Sai ya ba ni tarihin kulob ɗin garinsu. Ya ce ma'aikatan wata masaƙa ne suka kafa shi tun zamanin kakansa, kuma a masaƙar ake saƙa shuɗin yadin da 'yan wasa ke sawa. Da jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka ranar wasa, daga ƙofar masaƙa sai fili. Shi Kabtin ma a nan ya fara buga ƙwallo. Da mulkin ƙasarsu ya sauya, masaƙa ta rufe, kulob ya koma hannun wani attajiri. Attajirin ya yi 'yan shekaru yana facaka, sannan kulob ya durƙushe. Fili ya zama kasuwa. Sunan kulob da tambarinsa suka maƙale a kotu, aka hana kowa amfani da su.

Magoya baya suka ƙi haƙura. Suka haɗu suka kafa sabon kulob da wani suna, suka fara daga rukunin ƙarshe, inda ake wasa da ƙauyuka a filin da tumaki ke kiwo. Amma sai gardama ta tashi: wane shuɗi? Kowa da wanda yake tunawa, hotuna kuma sun koɗe. Ana cikin haka wata tsohuwa, wadda ta yi wa kulob wanki a da, ta zo da riga ɗaya da ta ɓoye a ƙasan akwatinta. Aka shimfiɗa ta a kan tebur, gardama ta mutu. Kabtin ya ce manyan maza sun yi kuka a wurin.

"Kotu ta riƙe suna, attajiri ya cinye fili. Matar nan ce ta riƙe mana kulob. Ita ma aikinka take yi."

Ban iya kallon idonsa ba. Na faɗa masa gaskiya, cewa rigunanmu suna Kudai ana goge gilashi da su. Bai yi faɗa ba. Ya miƙe ya ce, "To, me kake jira a nan?"

Na sayi sababbin tawul cike da mota na nufi Kudai. Idi na ganina ya fara.

"Bakano! Kyauta ka zo karɓewa? Dama na san hannunku bai iya bayarwa ba."

Na ce, "Badamagare, yau ba wasa na zo yi ba. Ina buhunan?"

"Buhu? Ai tuni almakashi ya bi ta kansu. Kowace mota na jefa mata nata. Ka ga motocin nan? Wasu ma sun fita gwajin hanyar Mina da Muzdalifa."

Na duba, motoci jere har inda ido ya tsaya. Na ce ko dubu ne sai na shiga kowace. Kullum in na gama aikin fili sai in dawo, in hau mota in leƙa ƙarƙashin kujerar direba, in buɗe akwatin kayan gyara. Duk inda na ga ƙyalle ruwan goro in ɗauka in ajiye tawul. Direbobi suka sa mini suna Abu Tsumma, wato Baban Tsumma. Wani ya ce ko zinari aka ɗinke a ciki. Gwiwoyina suka kumbura saboda hawa da sauka, maiɗakina ta ce in bari haka, na ce ban kai ga bari ba. Daga baya Idi da kansa ya shiga taya ni, yana yi yana zagin Kanawa.

Na tara hannuwa, wuyoyi da ɓarin ƙirji, duk sun sha sabulu da baƙin mai. Cikakkiyar riga guda ɗaya na samu, a jikin wani mai wanki ɗan Bangaladash. Ya ce tana shan gumi, ba zai bayar ba. Sai da na cire sabuwar rigar kulob da ke jikina na miƙa masa.

Ban san wace ce ta farko ba, don haka na kai kayan gidan Baba Sale a Aziziyya. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka fara buga wa kulob, kuma idonsa ya yi rauni. Ya shafa cikakkiyar rigar ya ce, "Wannan ta baya ce, ta kanti. Tamu tana da maɓalli a wuya. Iyayenmu mata suka ɗinka lambobin da hannu, a tsakar gidanmu." Ya sa hannu cikin buhu yana lalube, har ya tsaya a kan wani ƙyalle: wuya da rabin ƙirji, maɓalli ɗaya na lilo. Ya bi ɗinkin da yatsa.

"Wannan hannun Inna ne. Nan ta gyara mini da aka yaga ta." Ya juya ƙyallen. "Haruna, ina bayan? Ina lambata?"

Na ce, "Baba, ban same shi ba."

Na koma Kudai sau da yawa bayan Hajji, har aka sallami masu wankin. Bayan rigar bai fito ba.

Kabtin ya sa aka saka ƙyallen a gilashi, aka rataye a ɗakin sauya kaya, kuma da launinsa aka ɗinka rigunan shekarar. Ya roƙa a kawo masa Baba Sale fili, tun da shi ba zai iya zuwa gidansa ba. Da Baba Sale ya shigo, Kabtin ya sa 'yan wasa duka suka miƙe tsaye.

Abin da na koya shi ne, mai kula da kaya ba wanki kaɗai aka ba shi ba. Koci yana zuwa ya tafi, mudir ma haka, ɗan wasa ya bi wanda ya fi biya. Abin da ya rage na kulob yana hannun mai mabuɗi. Ina roƙonku, in an ce muku "yi yadda ka ga dama," kada ku yi irin tawa. Ku ɗauki abin ku kai wa wanda ya fi kowa tsufa, ku tambaye shi tukuna. Baba Sale ya yafe mini tun a ranar, amma har ya koma ga Allah ban iya mayar masa da lambarsa ba.