Jan Farcen Kawu Bawa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwan Tiga ya san Kawu Bawa da kwalbar jan farce. Dattijo guda, gemu fari fat, amma in ya zura hannu a aljihun gaba abin da zai fito da shi ke nan, ja wur irin na amare. Ba shafawa yake yi ba, kun sani. In aka kawo masa injin kwale-kwale, kafin ma ya tambayi abin da ke damunsa, sai ya ja layi ɗaya daga notin tsakiya zuwa jikin farfela, wato fankar nan mai kunnuwa uku da ke tura jirgi a ruwa. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da Ja-Layi. Ƙanin mahaifiyata ne, haifaffen Nariya. A Yawuri ya koyo aikin, ya dawo mana da kunne ɗaya ba ya ji da taurin kan mutum goma.

Layin nan yana da dalili. A cikin farfela akwai roba mai kauri da ke riƙe ta da sandar inji. In robar ta saki, inji zai yi ta kururuwa, sanda na juyawa, jirgi kuwa yana nan yana kallon mutane. To in aka zaga aka dawo aka tarar layin ya rabu biyu, an kama ɓarawo. Kullum maganarsa ɗaya ce: inji yana ƙarya, mai inji ya fi shi ƙarya, layi ne kaɗai ba ya yi.

Akwai wani Alhaji ɗan Durba mai fataucin kifi da ya sayo ƙatuwar farfela daga Kano, wai don jirginsa ya fi na kowa gudu. Kawu ya ɗauki tsinken tsintsiya ya ƙirga haƙoran sanda, ya ƙirga na farfela, ya ce ba aurensu ba ne. Alhaji ya ce ai saura kaɗan ta shiga, a ɗan taimaka mata da guduma. Kawu bai yi musu ba. Ya tuɓe takalminsa na roba ya ajiye a gaban Alhaji, wanda ƙafarsa ta yi biyun tasa.

"Sa wannan, Alhaji. In ya matse ka, ga guduma nan, zan taimaka."

Alhaji ya naɗe farfelarsa a buhu ya koma Kano ya canzo.

Wajen tattali kuwa ba a magana. Yana da wani buhu a bayan ɗaki cike da matattun farfeloli, wata ba kunne, wata ta lanƙwashe kamar ganyen kabewa a rana. Wata shekara matarsa Inna Asabe ta gaji da tuntuɓe, ta zari biyu ta ba masu ƙera tukunya, suka narke mata su. Da Kawu ya gano, sai ya rantse ba zai ci abin da aka dafa a ciki ba. Sati guda yana cin rogo da ƙuli a bakin ruwa. Muka je ba shi haƙuri, ya ce shi ba fushi yake yi ba, kunya yake ji: abin da ya ratsa Tiga yana tsaga ruwa, yau shi ne aka ɗora a murhu yana dafa miyar kuka.

To ni ga yadda na faɗa hannunsa. Da mahaifina ya fitar da ni daga gandu a Madachi, ya ba ni shanun huɗa guda biyu, waɗanda ya yi kiwo da hannunsa tun suna maruƙa. Ni kuwa idona yana kan ruwa. Na sayar da su na sayi kwale-kwale da tsohon inji, ban shawarci Baba ba, ban ma shawarci Kawu ba. Daga ranar Baba ya ɗauke mini wuta. In na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana kallon bango. Wata biyar bai kira sunana ba. In zai aiko mini da saƙo, sai ya ce wa jikokinsa, a gaya wa mai jirgi.

Ana cikin haka injin ya ba da matsala. Na ɗauko mutane da buhunan albasa, muna tsakiyar ruwa na ƙara wuta, sai ƙara kawai, ba tafiya. Da filafili muka fito, fasinjoji na yi mini Allah ya kyauta. Masu gyaran babur a Rano suka saurari labarin suka ce giyar injin ce ta tafi, in nemi 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe tun yana da ɗan nauyi. Wallahi kwana uku abinci bai wuce mini ba. Ba asarar ce ta fi damuna ba. Tunanin yadda zan shiga zauren Baba ba shanu ba inji, shi ne ya cinye ni.

Na haɗiye kunyata na kai wa Kawu. Bai yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Ya ja layinsa, ya ce in zaga. Na zaga ni kaɗai, jirgi ya tafi lafiya lau, layi bai motsa ba. Ya ce ai farfela ba ta faɗin gaskiya sai an ɗora mata kaya. Ya sa muka cika buhuna shida da yashi, na sake fita. Ina ƙara wuta ta yi halinta. Da na dawo ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa, sai ga layin ya rabu, rabi gabas rabi yamma.

"Roba ce, ɗan Yaya. Giyarka ta fi ka lafiya."

Na zauna a kan yashi jiƙaƙƙe. Shi kuwa ya zazzage buhun nan nasa, ya yi ta ƙirga haƙora da tsinke har ya sami wadda ta dace. Ya share zaren komar masunta da ya nannaɗe sanda, ya shafa giris, ta shige sumul ba ko bugu ɗaya. Ya ɗaure noti, ya sake jan layi. Na ce bari mu gwada da yashin. Ya ce a'a, yashi ba ya ba da shaida.

Washegari ya hau babur har Madachi. Kun san akwai wasa tsakanin mutum da ƙannen matarsa, Kawu kuwa ya riƙe wannan dama kamar gado. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar zaure ya ce wa Baba yana neman nauyin da zai gwada jirgi, kuma ya duba ƙasar Rano kaf bai ga mai jikinsa ba. Baba ya ce shi da ruwa sai alwala. Kawu ya ce to shi ma ba inda za shi. Aka kawo fura ya ƙi sha, aka kawo tuwo ya juya masa baya. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Malam, ka san halinsa. Zai mutu a ƙofar gidanka a ce kai ka kashe shi." Bayan azahar sai ga su a kan babur, Baba a baya fuska a murtuke.

Mutumin da ya haura saba'in bai taɓa taka jirgi ba. Ya zauna a tsakiya ya riƙe katako da hannu biyu, ba addu'ar da bai karanta ba. Kawu na gaba yana yi mini alama in ƙara wuta. Na ƙara. Farfela ta kama ruwa, jirgi ya ɗaga hanci, muka miƙe. Gaɓa ta yi nisa, iska ta ɗauke wa Kawu hula bai ko waiga ba. Can sai na ji muryar Baba.

"Salisu! Rage gudu, don Allah."

Na rage. Hawaye ne suka hana ni ganin gabana, sai da Kawu ya ce in kula da kututture. Da muka fito Baba ya daɗe tsaye yana kallon injin, sannan ya tambaye ni ko yana shan mai da yawa. Tun daga bakin ruwa har aka kira la'asar muna hira.

Kawu Bawa ya rasu a daminar bara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba ne ya yi masa salla. Ya Allah, bawanka ya gyara abin da ke tsakanina da mahaifina bai nemi ko godiya ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka ƙetarar da shi lafiya kamar yadda ya ƙetarar da mu. Amin.