Rigar da Inna Tela Ta Cike

Da wuya ka sami gida a unguwar da ba a taɓa saka abin da ya bi ta hannun Inna Tela ba. Shagonta ɗan ƙarami ne: baƙin keken ɗinki irin wanda ba a ƙera shi yanzu, sai gwangwanin madara cike da maɓallai. Ƙa'idarta ɗaya, ɗanta ba ya fita da yagaggen kaya. Har ya girma ya zama kwandasta a tashar mota, takan tare shi a ƙofa ta duba hammatar rigarsa.

"Inna, mota za ta tafi ta bar ni."

"Ta tafi mana. Uwarka ta mutu ne da za ka fita haka?"

Yana cikin waɗanda aka kashe ranar da 'yan bindiga suka buɗe wuta a tashar. Bayan jana'iza aka kawo mata rigarsa a leda.

Da aka ce za a mayar da tsohon ɗakin sayar da tikiti na tashar gidan tunawa da mamatan, Inna ce ta bi gida gida tana lallashin iyalai su ba da kayan mamatansu a ajiye a can. Matar mai shayin tashar ta ba da butar mijinta, wani tsoho ya kawo takalmin jikarsa. Ita kuwa ta ciro rigar ta wanke, ta nemo shuɗin zare daidai launinta, ta cike huje-hujen harsashin ɗaya bayan ɗaya, har sai ka ƙura ido kafin ka gane wurin. Ta goge, ta ninke, ta miƙa wa shugabar gidan hannu da hannu.

"Haka za a rataye ta ko, 'yata?"

"Haka za a rataye ta, Inna. Na yi miki alkawari."

Ranar buɗewa ita ta shige gaban sauran iyaye. Rigar na tsakiyar ɗaki cikin gilashi, fitila na haska ta. An warware ɗinkin kaf. Huje-hujen ma sun fi da faɗi, don wanda ya warware bai iya riƙe reza ba. Baƙi sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto.

Shugabar ta matso, murya ƙasa ƙasa. "Ki yi haƙuri, Inna. Kwamiti ya ce dole mutane su ga abin da aka yi masa."

"Ni ban gani ba ne? Ni na wanke ta. Buɗe ki ba ni kayana."

"Ta zama ta gidan yanzu. Mabuɗin ma ba ya hannuna."

Inna ta cire gyalenta ta lulluɓe gilashin, ta juya. Ba ta kai ƙofa ba mai gadi ya yaye shi, ya biyo ta da shi a hannu. Ba ta karɓa ba.

Tun daga ranar ba ta sake bi ta titin tashar ba. Matar mai shayi takan zo shago ta roƙe ta su je tare. Inna ba ta ɗaga kai daga keken.

"Je ki ga butarki. Ni ɗana na can tsaye gaban jama'a da yagaggiyar riga, kuma ni na kai shi."