Layukan Maman Yara

Bayan rasuwar matata, Allah Ya jiƙanta, gidanmu na Barunde ya yi mini girma. Yara duk sun watse wuraren aikinsu. Wayarta ta lalace tun tana jinya, tawa kuma na sauya, sai ya zama abin da ya rage na hirar da muke yi a zauren iyali na waya shi ne wani kwafi da babbar 'yata ta taɓa ajiyewa. Ta turo mini daga Kaduna, na buɗe a tsohuwar kwamfutata.

Abu ne ba iyaka: gaisuwar Juma'a, sanarwar suna, gardamar ƙwallo tsakanin samarin. Ni kuwa maganar uwarsu kaɗai nake nema.

Na kira 'yar tawa. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata.

"Uwata, idona ba zai iya tsince wannan ba."

"Baba, ba tsinta za ka yi ba, rariya za mu haɗa. Dubi layi ɗaya, me da me ke ciki?"

"Kwanan wata, sai lokaci, sai sunan mai magana, sai ɗigo biyu, sannan maganar."

"Yauwa. Kowane layi haka yake. Siffar za ka faɗa wa kwamfuta, ita ta tace maka."

Ta ce rejeks ake kiran abin. Tana faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya. Ɗigo da tauraro na nufin ko mene ne, komai tsawonsa. Abin da ka killace cikin baka biyu, shi za a ciro maka. Ni da na fara ajami kafin boko, na san ba a raina ƙaramar alama, sai na bi ta a hankali.

"Kai, Baba, ka fi ɗalibaina kai!" in ji ta tana dariya. Da yake malama ce, aka kira ta aji, ta kashe wayar.

A kwafin, Maman Yara ne sunanta. Na rubuta shi, na sa ɗigo biyu, na killace abin da ke bayansu. Na yi bisimilla na danna.

Suka zubo, duk nata, ba na kowa a ciki. Sai dai kusan kowane layi kalmomi biyu ne na Turanci, iri ɗaya, masu nuna an cire wani abu a nan. Sai a lokacin na tuna ba ta son rubutu. Murya take aikawa, ta kara wayar a baki kamar mai hura koko. Kwafin kuwa bai ɗauko sauti ba. Abin da ta buga da hannunta kaɗan ne: "Amin." "To." "A taho da daddawa."

 Can na ɗage bakan biyu daga kan maganar na mayar kan lokaci, na sake dannawa. Ga ta nan bayan asuba. Shiru da hantsi, lokacin cefane. Bayan la'asar kuwa layi kan layi, sa'ad da takan baza tabarma a tsakar gida, ni ina waje wurin hira da abokai. Ban san tana yawan magana haka a wannan lokacin ba.

Da yamma Uwata ta kira.

"Baba, ya fito?"

"Ya fito. Allah Ya yi miki albarka."

"Me Mama ta ce?"

"Ta ce a taho da daddawa."