Mode Baduku, Mai Tsai da Dokin Ƙarfe

Sai da keken ya kama gangaren Ƙofar Rini sannan Na'Allah ya gane birki ya mutu. Ya matse, ya ƙara matsewa, ƙarfe ya ƙi ji. Daga Argungu ya taso, fatun awaki ɗaure a bayansa, cinyoyinsa kamar ba nasa ba. Ga kuma surukinsa, Malam Abdulwahabu, zaune bakin hanya bisa buzu yana jan tasbaha. Kowa a Sakkwato ya san ƙa'ida: ka hango suruki, ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Na'Allah ya wuce shi fuu, yana jefo gaisuwa ta bayan kafaɗa, har iska ta karkata rawanin tsohon. Bai tsaya ba sai cikin kwatarniyar ruwan Mode Baduku.

Moden nan shi nake so ku sani. Tun da Nasara suka kawo dokin ƙarfe garin nan ya ture ɗinkin layu da sirdi gefe ya kama gyaran keke, ba wanda ya koya masa. Da an sallame asuba yana rumfarsa, ya cika kwatarniya, ya tsoma roba yana neman inda ƙaya ta huda. Masu zuwa Gusau da Birnin Kabi ba sa fita sai sun biya ta wurinsa. In roba ta yanke a gari, da jar fata yake faci. Birki kuwa da ƙirgin shanu yake yanka shi. Wanda taya ta fashe masa a daji ya cusa mata ciyawa ya iso gida, dabarar Mode ce.

Ranar nan dai kafin Na'Allah ya gama matse rigarsa, saƙo ya iso. Matarsa Bara'atu tana gidan uban nata tana wankan jego, kuma Malam ya ce ba ta komawa ɗakin wanda ke gaida manya yana tafe bisa ƙarfe. An aika dattawa biko, ya kore su. Na'Allah ya zauna a rumfar ya kasa ko shan fura.

Mode bai taɓa birkin ba. Washegari ya tura keken yadda yake har ƙofar Malam, ya durƙusa, ya yi bayani. Tsohon ya ce, "Mode, jakina in nic ce mishi tsaya, tsayawa yakai. Wanga abu raini na, ba komi ba."

"Gafarta Malam, hau ka ji zaman sirdin kawai. Ina riƙe."

Malam ya tattare riga ya hau. Har yau Mode cewa yake hannunsa ne ya zame. Keke ya kama gangare, Malam ya ƙanƙame ƙarfe yana ce masa tsaya, kamar yadda yake wa jaki. Daidai nan Liman, wanda ya karantar da shi tun yana yaro, ya fito daga masallaci. Malam Abdulwahabu ya wuce shi fuu, yana jefo gaisuwa ta bayan kafaɗa, ya faɗa cikin tarin harawa. Hajjo mai fura ta ce da idonta ta ga Mode yana jibge harawar nan a wurin tun da sassafe.

Da aka tsamo Malam yana cire ganye daga gemu, abin da ya ce kawai shi ne, "A gyara wa yaron nan abinai." Da Bara'atu ta gama wanka ta koma ɗakinta da jaririnta, har da gara.

Mode, kai ne uban masu nisan tafiya, baduku mai ɗinke abin da ya yage ko ba fata ba ne. Kai ne ba ka taɓa barin mutum ya fita daji da sarƙa mai sanyi ba, ko zai yi fushi. Yanzu ido ya yi rauni, ka ce bana za ka naɗe tabarma. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku riƙa duba mai kayan yadda kuke duba kayan, haka Mode ya yi.

Jiya ma ina rumfar muna wannan hira, sai ga wani baƙo jiƙe da gumi yana turo wani ƙaton keke mai tanki, yana wari kamar fitilar kananzir. Ya ce daga Kano yake, abin ya yi tari ya mutu a hanya, kuma in ya tashi ba ya jin birki.

Mode ya dubi abin, ya dubi gangare, ya ce da ni, "Tai ka tambayo muna ko Hajjo ta san mai harawa da yawa."